Kawu Bakari da Takalman 'Yan Kokos

Duk wanda ya san Kawu Bakari ya san ba ya fara duban fuskar mutum. Ƙafarka yake dubawa. Kana miƙa masa hannu kana jero gaisuwa, shi kuwa idonsa na ƙasa, sai ya gama da takalminka tukuna ya ɗago ya ga wanda ke ciki. In ɗinkinsa ne a jiki, ka ji ya ce, "Jam, jam, lafiya lau." In kuwa wani baduku ne ya taɓa maka, to ka shiga uku.

"Wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Kawu, a Yola ya tsinke mini, na rasa yadda zan yi."

"Da ka dawo ba takalmi ai ya fi mutunci. Cire!"

Kuma sai ka cire ɗin, ko da limamin unguwa ne kai.

Ni Usmanu ne, ɗan ƙanwarsa, wanda yake kira Manu. Kwana arba'in ke nan da muka kai shi makwancinsa, kuma duk wanda ya zo mana gaisuwa a unguwarmu ta Limawa da hawaye yake farawa, da dariya yake tashi. Kowa da labarinsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta nawa kason, don akwai guda ɗaya da ni kaɗai zan iya bayarwa.

Kakanmu ne ya zo Jimeta daga Kano da basilla da fata, ya auri Bafillatanar Yola, ya zauna. Kawu ya gaji dukancin, ya gaji rumfar, wadda ke jingine da katangar ofishin jam'iyyarmu na mazaɓa. Tsimi kuwa ba a magana. Ƙusa ba ta mutuwa a hannunsa, duk lanƙwasarta sai ya miƙar da ita ta koma aiki. Takalmin ƙafarsa na taya ne, ya sauya masa maɗauri ba adadi, ya sauya ƙasan ma sau da dama, amma zai rantse maka cewa shi ne dai wanda ya yi aure da shi. Bayan salla, abu biyu ya riƙe a duniya: basillarsa da katinsa na jam'iyya, wanda ya ɗinka wa jakar fata kamar laya. Burinsa kuma guda ne tak, ba Makka ba ce don ya je, ba mota ba ce don bai iya ko keke ba. So yake kafin ya mutu ya shiga kokos, zaman sirrin manyan jam'iyya, ko sau ɗaya, ya ga abin da ake yi a ciki.

Abin ya samo asali ne ranar wani taron fid da ɗan takarar kansila, shekarun farko da mulki ya dawo hannun farar hula. Kawu ya rufe rumfa, abin da ko ranar sunan ɗansa na fari bai yi ba. Ya sa babbar riga. Kwana uku yana bitar jawabin da zai yi a kan wanda yake so, har Inna Dudu, matarsa, ta haddace. Ya je ya kama kujerar gaba. Ciyaman ɗin mazaɓa, Alhaji Umaru, ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kokos ya zauna jiya, an yi maslaha. Ga ɗan takararmu nan. Kun amince?"

"Mun amince!" Aka ɗau tafi. Aka shafa fatiha. Mutane suka fara neman hanya, hannun Kawu kuwa yana sama.

"Ranka ya daɗe, yaushe za a yi zaɓen?"

"Ai an yi, Malam Bakari."

"Ina ina?"

"Kana nan mana. Ba ka ji an ce an amince ba?"

"To su da suka zauna jiya, su nawa ne?"

"Mu tara ne."

Kawu ya waiga ya dubi jama'ar da ta cika harabar har bakin titi. "Mu kuma fa, me aka kira mu mu yi?"

Wani ɗan iska daga baya ya ce, "Tafi, Kawu!"

"Ayya! Da an faɗa mini, ai daga rumfa zan tafa muku. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, za ku ji."

Abin mamaki, bai yi fushi ba. Da fushi ya yi, da abin ya zo wa kowa da sauƙi, a ba shi haƙuri a wuce. Son sani ne ya kama shi, kuma bai sake shi ba har shekara goma sha wani abu.

Ga wanda siyasa ba ta dama ba: kokos shi ne zaman da 'yan tsirarun jiga-jigan jam'iyya ke yi a ɓoye kafin babban taro, su daidaita bakinsu, su fito da magana ɗaya. Akwai shi a mazaɓa, akwai a ƙaramar hukuma, akwai a jiha, har 'yan majalisa na jam'iyya guda suna yin nasu kafin su shiga zauren majalisa. Ciyaman da kansa ya taɓa tsayawa a rumfa yana yi wa Kawu wannan bayani yayin da ake goge masa sau-ciki. Ya ce in aka kawo kowace magana ɗanya gaban ɗaruruwan mutane, da kujeru za a ƙare.

"Wannan na gane," in ji Kawu. "Abin da ban gane ba, wa ya zaɓi taran?"

"Muƙamansu ne suka sa su. Ni, da sakatare, da shugabar mata, da shugaban matasa, haka dai."

"Alhaji Sa'adu ɗan kwangila fa? Wane muƙami gare shi?"

Ciyaman ya ɗan yi tari. "Shi a matsayin dattijo yake."

"Na girme shi da shekara goma sha biyu."

Ranar Ciyaman da ƙafa ɗaya mai ƙyalli ya tafi, ya ce yana sauri.

Tun da an hana shi ƙofa, sai Kawu ya koma ga abin da ya iya. A falon Ciyaman kokos ke zama, bayan la'asar, kuma uwargidan Ciyaman tana da wani jan kafet da ko mijinta bai isa ya taka da takalmi ba. Saboda haka duk wanda zai shiga sai ya tuɓe a baranda. Kawu kuwa babu takalmin babban mutum a Limawa da bai bi ta hannunsa ba. Sai ya tsiro da wata al'ada: duk ranar zama ya ɗau akwatinsa ya je ya tsuguna a barandar, wai goge takalmi yake yi kyauta saboda kishin jam'iyya. Kawu! Kyauta! Mutumin da ke bin yaro da harara in ya zubar da ɗigon gam!

Daga nan yake dawowa rumfa da labari, 'yan kasuwa su kewaye shi. Na gaba-gaba shi ne Oga Emeka, mai sayar masa da fata da gam da zare, amininsa na shekara da shekaru, kuma ɗan jam'iyyar adawa na ƙin ƙarawa.

"Kawu, yaya takalmi ya ce yau? Wetin dem talk?"

"Shugaban matasa zai bar mu."

"Haba! Shi ya gaya maka?"

"Takalminsa ya gaya mini. Da a tsakiya yake ajiyewa, kusa da na Ciyaman. Yau sati uku a bakin matakala yake bari, kansa na duban titi. Wannan mutum ya riga ya fita, jikinsa ne kawai a ciki."

Kafin wata ya ƙare shugaban matasa ya sauya sheƙa. Wata rana kuma ya dawo ya ce mu shirya, ɗan takara daga Abuja za a ɗora mana. Ya ga wani baƙon takalmi a baranda, ya juya ƙasansa, ko ƙwarzane babu. "Wannan daga mota sai kafet. Bai taɓa taka kwatar Limawa ba, kuma ba zai taka ba." Haka aka yi kuwa, duka biyun.

Da abin ya ishi 'yan kokos, sai suka zauna a kan Kawu. Wani ya ce a riƙa shiga da takalma, uwargida ta aiko daga cikin gida cewa duk wanda ya taka mata kafet ya kai jam'iyyar gidan ubansa. A ƙarshe aka yi maslaha: a tara takalman a buhu, a kai bayan kujera. Kawu ya zo ya tarar da baranda wayam, ya dawo rumfa jiki a sanyaye. Har na tausaya masa.

Washegari da hantsi sai ga tsohon kansila ya zo yana ɗingishi, wai takalminsa ya matse shi dare ɗaya. Bai tashi ba sai ga ma'aji, wai nasa ya yi masa yawa, a sa masa tsumma. Ashe da aka tashi, an zazzage buhun ne ana saurin sallar magariba, kowa ya zura abin da ya samu, ga su duk baƙaƙen sau-ciki iri ɗaya. Kafin azahar mutum shida sun zo. Kawu ya jera su a benci kamar 'yan makaranta, yana cire na wannan yana miƙa wa wancan. Da ya rage ƙafa ɗaya da ba ta da mai ita, ya ɗaga ta sama.

"Wannan na shugaban jam'iyyar su Emeka ne. Me ya kai shi cikin buhunku?"

Tun daga ranar aka daina buhu.

Ana nan sai ni na zama sakataren mazaɓa, wato na shiga cikin taran. Na ɗauka Kawu zai yi murna. Murnar ya yi, amma irin ta wanda ya samu ɗan leƙen asiri a cikin gida. Ya daina ce mini Manu, sai Sakatare. Duk ranar zama zan same shi a ƙofar gidanmu ya riga ni.

"Sakatare, wa ke fara magana?"

"Kawu, an hana mu faɗa."

"Ƙuri'a kuke yi ko ɗaga hannu?"

"Kawu, don Allah."

"To shayi fa? Da madara ko baƙi?"

Ko wannan ban faɗa masa ba. Ina jin daɗin abin a raina, in faɗi gaskiya. Yaron da ya goya a kafaɗa ne yau yake da abin da shi ba ya da shi. Sai in gyara zaman fayil a hammata, in ce masa sirrin jam'iyya ne.

Da ya ga ba ci, sai ya ce zai gwada da kansa ya ga yadda abin yake. Muna da gona ta gado a Vinikilang, kowace shekara kafin damina ana taron dangi a kan abin da za a shuka. Shi masara yake so, kullum. Wannan shekarar ya ja ni da babban ɗansa bayan rumfa, yana magana ƙasa-ƙasa, ya ce mu uku ne kokos, masara ce matsaya, kada wanda ya ji. Ranar Juma'a dangi suka taru a tsakar gida. Kawu ya miƙe, ya yi gyaran murya sak irin na Ciyaman.

"Jama'a, kokos ya zauna, an yi maslaha. Masara za a shuka. Kun amince?"

Inna Dudu tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Namu kokos ya zauna tun Talata a kicin," ta ce. "Shinkafa ne. Iri ma yana ɗaki."

"Ku su wa?"

"Ni, da Dada, da matan yaranka duka."

Dada ita ce mahaifiyata. Kawu ya dubi babban ɗansa, ɗan ya sunkuyar da kai, don matarsa ta riga ta gama da shi tun Laraba. Kawu ya koma ya zauna a hankali. Na zaci zai yi faɗa, sai na ga idonsa na ƙyalli.

"Ikon Allah! Ashe ko a gidana ba na cikin kokos. Dudu, ku a naku wa ke fara magana?"

Sai shekarar gudun hijira ta zo. Ku da kuke nan kun san yadda aka yi lokacin da mahara suka ci garuruwan arewacin jiha, mutanen Madagali da Michika da Mubi suka kwararo Yola, wasu a bayan tipa, da yawa a ƙasa ta cikin daji. Babu gidan da bai karɓi baƙi ba. Kawu ya daina ba'a a kwanakin nan. Mutane na wucewa ta gaban rumfarsa, shi kuma ƙafafu yake gani. Duk wanda ya gani da tsinkakken takalmi sai ya kira shi ya ɗinke, bai tambayi sunansa ba balle addininsa.

Makullin ofishin jam'iyya a hannunsa yake tun da daɗewa, saboda shi ne kullum a wurin. Ɗaki uku ne da haraba da rijiya, ba abin da ke ciki sai benci da tsofaffin fosta. Wata rana ya ga mata da yara zaune a jikin katangar, rana na dukansu, ba su san kowa a garin ba. Bai tambayi kowa ba. Ya tashi ya buɗe musu. Iyali huɗu ne. Dada kuwa ta ɗauke su kamar 'yan ɗakinsu, kullum sai ta tuƙa tuwo ta kai musu da kanta, ga ciwon gwiwa.

Matsalar ita ce zaɓe ya matso. Ana son ofis don kayan kamfe da taron wakilai. Ran nan Ciyaman ya kira ni, na same shi cikin motar Alhaji Sa'adu, gilashi a rufe. Cikin minti goma aka gama: a ba mutanen kwana uku su tashi, a karɓe makulli daga Kawu. Aka ce in rubuta takarda. Na rubuta, na kai aka buga, Ciyaman ya sa hannu, na danna hatimi da hannuna. Na san ba su da inda za su je. Na sani sarai. Amma ana raɗe-raɗin za a ba ni takarar kansila, sai na gaya wa kaina cewa ai gwamnati ta buɗe sansani. Aka ce da la'asar kokos zai zauna, a kira Kawu a ja masa kunne, a kuma sanar da sauran.

Ni aka aika in kira shi. Ina ta kame-kame, na rasa ta inda zan fara.

"Kawu, kokos na son ganinka. Amma fa ba don alheri ba ne, faɗa za a yi maka."

"A ciki?"

"Na'am?"

"Faɗan, a ciki za a yi mini ko a baranda?"

"A ciki."

Wallahi sai ga Kawu ya miƙe yana juyi a gaban rumfa. "Emeka! Zo ka ji! Yau zan shiga!" Ya rufe rumfa karo na biyu a tarihi, ya je gida ya sa babbar rigar nan, har da turare.

Ya tuɓe takalmin tayarsa a baranda, ya jera shi daidai kusa da na Ciyaman. Ya yi sallama ya taka jan kafet kamar mai shiga masallacin da bai taɓa gani ba. Ya dubi silin, ya dubi fanka, ya dubi farantin gyaɗa da butar shayi. Tsohon kansila na gyangyaɗi a kusurwa, ma'aji na danna waya.

"Shi ke nan?" ya tambaye ni a kunne, amma kowa ya ji. "Babu wani ɗaki a ciki?"

Ciyaman ya fara faɗa. Ya yi maganar doka da oda, da dukiyar jam'iyya, da yadda ba a yin gaban kai. Kawu na gyaɗa kai, amma na lura ba faɗan yake saurare ba, lissafin wanda ke zaune kusa da wa yake yi. Da aka zo batun makulli sai ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, tambaya ce. Maganar mutanen nan, yanzu za ku yanke ko kun yanke?"

"Yanzu za mu tattauna. Shi ya sa muka zauna."

"Madalla. To Sakatare, wannan takardar da ke leƙowa daga fayil ɗinka, mai jan hatimi, ta mece ce?"

Idon da ke hango ƙwarzane a ƙasan takalmi, ina zan ɓoye masa hatimi? Kafin in rufe fayil, Hajiya Asta, shugabar mata, ta fizge takardar. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Ciyaman, wannan takarda yaushe ta samu sa hannu? Ba mu ko buɗe taro da addu'a ba!"

Falo ya kaure. Tsohon kansila ya farka yana tambayar me aka yi. Ma'aji ya ce shi ba a raina masa hankali. Sauran shidan suka gane a lokaci guda cewa su ma sanarwa aka kira su ji. Kawu kuwa fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka.

"Allahu Akbar! Ashe kokos ma yana da nasa kokos! Su nawa ne?"

"Uku," in ji Hajiya Asta, tana nuna mu da baki.

"To a cikin ukun, wa ke zama shi kaɗai kafin su zauna?"

Duk falon ya juya ya dubi Alhaji Sa'adu. Shi kuma ya dubi agogonsa.

Aka yi dariya, har da waɗanda ba su so ba. Ni ban yi ba. Da dariyar ta lafa, Kawu ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da silifas na mata, an ɗaure maɗaurinsa da tsumman zani. Ya ajiye a kan kafet ɗin uwargida, babu wanda ya hana shi.

"Ni ban iya turancin takarda ba, wannan na iya. Mai shi malamar firamare ce daga Michika, Rifkatu sunanta. Ku dubi na hagu, ya huje, na dama bai huje ba. Yaro ta saɓo a kwankwason hagu, kwana uku, kuma yaron ba nata ba ne, a hanya ta tsince shi."

Ya sake sa hannu, ya fito da sau-ciki na namiji, ƙafa ɗaya.

"Wannan matar mai shi ce ta kawo mini. Shi kaɗai ta samu a ƙofar gidansu. Ta ce in gyara in ajiye, ta bar saƙo a tasha cewa tana ofishin jam'iyya a Limawa, in ya iso nan zai neme ta. Na gyara. In kun tashe ta, ku faɗa mini inda zan ce masa ta koma."

Hajiya Asta ta ja gyalenta ta rufe fuska. Tsohon kansila, wanda ban taɓa jin ya ce komai a zama ba sai "na goyi baya", ya ce garejinsa babu mota, a kai kayan kamfe can. Ma'aji ya ce taron wakilai a yi a harabar gidansa. Ciyaman ya dubi Alhaji Sa'adu, ya dubi sauran shidan, ya iya lissafi. Ya ce to an yi maslaha, mutane su zauna har Allah ya kawo sauƙi, amma makulli ya koma hannun shugabar mata. Ya karɓi takardar ya yayyaga. Sannan ya juya ga Kawu.

"Malam Bakari, doka ɗaya ce a nan. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan yake kwana. Ko matarka."

Kawu ya dafa ƙirji. "Ranka ya daɗe, yau na shiga. Zan riƙe."

Ban yarda ba ko kaɗan. Kawu da ko mafarki ya yi sai kasuwa ta ji? A hanyar gida ba Ciyaman nake tsoro ba, Dada nake tsoro. In ta ji ɗanta ne ya rubuta takardar korar mutanen da take kai wa tuwo, ban san da wane ido zan sake dubanta ba. Ina jira ya zage ni. Bai zage ni ba. Har muka kusa gida abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe baƙin shayi kuke sha."

Oga Emeka na jiran sa a rumfa da rabin kasuwa. "Oya, Kawu, gaya mana! Me suna yi a ciki?"

Kawu ya gyara hula. "Emeka, ka yi haƙuri. Sirrin jam'iyya ne."

Emeka ya yi shekara goma yana bin sa, da lallashi, da gori, har da kyautar fata. Bai samu ko kalma ba. Inna Dudu ta gwada, ta gaji. Iyalan nan sun yi wata bakwai a ofis kafin hanya ta buɗe. Ni ban samu takarar kansila ba, Alhaji Sa'adu bai yafe mini sakacin fayil ba. Ba a kuma sake kiran Kawu kokos ba, shi ma bai sake tsugunawa a baranda ba. Ya ga abin da yake son gani.

Dada ta rasu shekara uku da suka wuce. Har ta koma ga Allah tana gaya wa mutane cewa ai albarkacin Manu na cikin manya ne aka bar bayin Allahn nan a ofis. Sau da yawa a gaban Kawu take faɗa. Sai ya ce, "Haka ne, Allah ya yi masa albarka," ya ci gaba da ɗinkinsa. Ni kuwa kowane karo ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi bayan azahar, na tarar ɗakin ba kowa. Ya rame, amma bakin na nan. Na zauna a bakin gado na tambaye shi abin da na daɗe ina haɗiyewa.

"Kawu, me ya sa ba ka taɓa gaya wa Dada ni na rubuta takardar nan ba?"

Ya kama hannuna.

"Wace takarda, ɓingel am, ɗana? Maganar kokos ce. A can ta kwana."

Kuka na yi, ni da furfurata, shi kuma yana bubbuga mini hannu yana cewa in yi a hankali kada Dudu ta ji ta kira nasu zaman.

Shi ya yi alkawari ya riƙe. Ni ne yau na karya doka, don ku san wanda ya buɗe ƙofar nan da wanda ya so rufe ta. Ya Allah, Kawu Bakari ya rufa mini asiri a gaban mahaifiyata har ta bar duniya tana sa mini albarka. Ka rufa masa nasa ranar da babu abin da ke ɓoyuwa. Ka yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya yalwata wa baƙin da ba su san kowa ba, Ka haɗa shi da ƙanwarsa a Aljanna. Mu kuma Ka yafe mana abin da muka yanke a kan mutane ba sa nan. Amin.